Wahalar Koyar da Turanci a Ƙauyukan Arewacin Kano

Wanda duk ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Ruwa ko ta Ƙofar Mazugal ya nufi arewa, zai yi ta tafiya cikin ƙasar da ba ta da daji. Daga Ungogo zuwa Minjibir da Gezawa, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, gona ce ke bin gona, gida yana hangen gida, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye cikin gero da dawa. Ƙasa ce da ba ta san hutu ba, kowace damina sai an nome ta. Abin da ya riƙe ta kuwa taki ne, wanda tun kaka da kakanni a ke ɗaukowa a kan jakuna, su kai itace birni su komo da toka da shara. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa sun buga bincike a kan wannan yanki cikin 1965, tun daga lokacin kuma masana ke lissafa shi cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma.

To, gona ba ta ƙaruwa, magada kuwa kullum ƙaruwa su ke yi. Gonar da ta ciyar da kaka da iyalinsa, in aka raba ta ga 'ya'ya, aka sake rabawa ga jikoki, abin da zai zo hannun kowa bai isa ya kai shi wata kaka ba. Saboda haka tilas samari su haɗa noma da wani abin, ko fatauci, ko sana'ar hannu, ko aikin albashi. Yawancin ƙofofin nan kuwa an sa musu kuba ta takarda, takardar kuma da Turanci a ke rubuta ta. Ba a shiga jami'a sai an ci Turanci a jarrabawar WAEC ko ta NECO, an kuma sake zama dominsa a jarrabawar JAMB. Takardar banki da Turanci ta ke, haka ta babbar kotu, haka rubutun da ke jikin kwalbar maganin ƙwari. Falken da ke tara riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau domin a fita da su ƙasashen waje, yarjejeniyar da zai sa wa hannu da Turanci za a kawo masa ita.

Ga shi kuwa sau da yawa yaro ya kan yi shekara shida a firamare, ya ƙara shida a sakandare, ya fito bai iya rubuta wasiƙa mai layi goma da Turanci ba. Waɗansu su ce yaran ne ba su da ƙwaƙwalwa, waɗansu su ɗora wa malamai, waɗansu kuma su ce iyaye ne ba su damu ba. Amma yaron da ya haddace izu sittin kafin ya yi gemu, ba a ce masa marar ƙwaƙwalwa. Ruwa ba ya tsami banza. Tushen al'amarin shi ne, Turanci baƙo ne a wannan ƙasa, amma an tsara koyar da shi kamar ɗan gari ne wanda kowa ya saba da muryarsa.

Baƙo da ɗan gari

Masana harshe sun bambanta abu biyu. Akwai harshen da ba na uwa ba ne amma a na jin sa a titi da kasuwa, akwai kuma wanda ba a jin sa sai cikin aji. Yaron da ya tashi a Ikko ko a Fatakwal, inda ƙabilu suka cakuɗe, tun yana goye ya ke jin Turanci ko buroka, a tasha da coci da bakin famfo. In ya shiga makaranta, aikin malami gyara ne da ƙari. Yaron Kunchi ko Makoɗa kuwa ba shi da wannan guzuri, dalili kuwa Hausa ta wadatar da shi ta kowane gefe. Da ita a ke ciniki, da ita a ke wa'azi, da ita alƙali ke sauraron ƙara. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, ga gidajen rediyo na Kaduna da Kano, ga finafinan Hausa, ga wayar hannu wadda a ke aika saƙon murya da ita ba sai an rubuta kome ba. Ko Bayarabe ko Inyamuri in ya zo cin kasuwa, shi ne zai koyi Hausa. Watau ƙarfin da Hausa ke da shi, wanda abin alfahari ne, shi ne ya tsare Turanci a bakin ƙofar makaranta.

Bari a yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ɗauka darasin Turanci minti 35 ne kowace rana, kwana biyar a mako. Wannan bai cika awa uku ba. In aka yi mako 39 a na karatu cikin shekara, duka duka bai kai awa 120 ba, watau kwana biyar ke nan in an haɗa dare da rana. A cire kwanakin shuka da na noman farko da na girbi, a cire ranakun kasuwa, a cire lokacin da yarinya ke talla. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35, amma ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin wannan ko fiye a aji guda. In yara 70 ne, aka raba musu minti 35, rabon kowa rabin minti ne, in ma malamin bai buɗe baki ba ke nan. Yaya harshe zai zauna a bakin da ba ya motsa shi sai rabin minti a yini?

Yadda aka faro

Mutane su kan ce, ai 'yan makarantar dā sun iya Turanci kamar Turawa, me ya sami na yanzu? Amsar tana cikin tarihi. Bayan Turawa sun ci Kano cikin 1903, Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa cikin 1909, da Hausa kuma ya fara koyarwa, cikin rubutun boko. Haka aka ci gaba a makarantun elementare na En'e, yaro ya yi karatu da rubutu da lissafi cikin harshensa, Turanci sai in ya sami shiga Midil. Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai cikin 1921, ita ce ta yi suna wajen iya furuci. Ahmadu Bello ya yi karatu can daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933, wanda daga baya daɗin Turancinsa ya zama abin labari har a Ingila.

Amma a dubi sharuɗɗan da suka haɗu a can. Ɗalibai kaɗan ne, an tsamo su ɗaya ɗaya daga larduna. Makarantar kwana ce, shekara biyar suna wuri guda. Malamansu masu harshen ne, suna gyara musu baki kalma kalma. Sun kuma zo da karatun Hausa da na allo a hannu. Wannan irin noman lambu ne, ɗan fili kaɗan, ruwa da yawa, mai lambu yana tsaye a kai.

Cikin Satumba 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda a ke kira UPE. Niyya ce mai kyau, ta kuma kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Sai dai yara sun zo fiye da yadda aka shirya, malamai ba su isa ba, aka yi ta horar da su cikin gaggawa, har aka ɗauki waɗanda ba su da horo ko kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya koyi Turanci gutsure-gutsure ya koyar da abin da ya samu, ɗalibinsa ya zama malami ya koyar da abin da ya rage. Malaman zaure sun san darajar isnadi, sun san in aka sami rauni a tsakiyar silsila, duk wanda ya karɓa daga ƙasa ya gaji raunin. Cikin 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwa cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da ta sa ba a jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya a kan yadda aka yi jarrabawar, amma ba wanda ya musa cewa akwai ciwo, ciwon kuma bai tsaya a iyakar jiha ɗaya ba.

Wuyar da ke cikin harshen kansa

Ko da an sami malami gwani, Turanci yana da ƙayoyi na kansa ga Bahaushe. Na farko furuci. Hausa tana da wasula biyar gajeru da biyar dogaye, da tagwaye biyu. Turancin Ingila kuwa yana da wajen ashirin. Kalmar jirgin ruwa da ta tunkiya, a kunnen ɗan koyo ɗaya su ke, alhali ga mai harshen sun yi nisa. Akwai kuma baƙaƙen da Hausa ba ta raba su ba. Muryar da a ke yi da haɗa leɓɓa a fasa iska, da wadda a ke yi da ɗora haƙora a kan leɓe, duka biyu Hausa ta mai da su fa, shi ya sa aka sami fam da fenti da famfo da fensir. Turanci kuma ya kan jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani, abin da bakin Bahaushe bai saba da shi ba, sai ya cusa wasali, ya ce burodi, ya ce gilashi, ya ce direba. Waɗannan kalmomi sun zama Hausa halal, ba laifi a kansu. Wahalar ita ce yaro ya zaci ya riga ya san kalmar Turanci, ashe jikarta ya sani.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga malamai. Haka Hausa ta yi wa Larabci tun dā. Harafin ladi ya koma la, aka sami alƙali da alwala da lamiri. Harafin sa mai ɗigo uku ya koma ta cikin Talata da tamanin, ya koma sa cikin misali da wasiƙa. Abin da ya gyara wannan wajen karatun Alƙur'ani shi ne tajwidi, watau a nuna wa ɗalibi mafitar kowane harafi, a ce sa harshenka nan, sake iska haka. Ga wani abin lura. Muryoyi biyu na Turanci da suka fi ba yara wuya, waɗanda a ke sa kan harshe tsakanin haƙora, su ne fa sa mai ɗigo uku da zalun. Yaron da ya ƙware a tajwidi yana da su cikin bakinsa. Da malamin Turanci zai ce masa, wannan ai harafin nan ne da ka sani a allo, da an gama cikin minti ɗaya. Amma da wuya a gaya masa, don an ɗauka karatun safe da na yamma ba su san juna ba.

Akwai kuma nauyin murya. Hausa da karin sauti ta ke aiki, hawa da sauka. Turanci kuwa da danna gaɓa ya ke aiki. Sha uku da talatin, sha huɗu da arba'in, har zuwa sha tara da casa'in, bambancinsu a Turanci ɗan kaɗan ne, rabinsa a ƙarshen kalma, rabinsa a gaɓar da aka danna. Falken da ya ji buhu hamsin a waya alhali sha biyar aka ce, shi ya san kuɗin wannan darasi.

Na biyu rubutu. Baƙaƙen Turanci 26 ne, muryoyinsa kuwa wajen 44, saboda haka harafi ɗaya ya kan ɗauki aiki uku ko huɗu. Harafin da boko ke fara ciniki da shi, a Turanci wani lokaci ka ne, wani lokaci sa ne. Kalmar wuƙa tana farawa da harafin da ba a furtawa, haka kalmar bashi tana da na ɓoye a tsakiya, haka kalmar rasit. Rana da ɗa namiji furucinsu ɗaya, rubutunsu dabam. Haka teku da gani, haka mako da rauni. Larabci ma yana da harafin da a ke rubutawa ba a karantawa, kamar alifin da ke bin wawun jam'i, da lamin da ke narkewa cikin haruffan shamsiyya, amma waɗannan suna da ƙa'ida guda wadda in an san ta an huta. Na Turanci da yawa sai hadda, kalma bayan kalma, domin harshen ya ari kalmomi daga Faransanci da Latin da Girkanci, furucinsa ya sake cikin ƙarnoni, rubutun ya tsaya inda ya ke. A tuna kuma yaron ƙauye abu uku ya ke fama da su lokaci ɗaya. Da asuba yana rubutu daga dama zuwa hagu, da hantsi daga hagu zuwa dama, sa'an nan baƙaƙen da aka koya masa da murya ɗaya a darasin Hausa, a darasi na gaba sun sake murya.

Na uku nahawu da ma'ana. Bahaushe yana da kai da ke da ku, Turanci lamiri ɗaya ya ba su duka. A Hausa kowane abu ko namiji ne ko tamace, Turanci ya ƙara lamiri na uku domin abin da ba mutum ba. Hausa tana nuna lokaci a jikin lamiri, na tafi, ina tafiya, zan tafi, na kan tafi, fi'ilin yana nan kusan yadda ya ke. Turanci ya kan sake siffar fi'ilin kansa, waɗansu bisa ƙa'ida, waɗansu kuwa da yawa, su ne kuma aka fi amfani da su, ba bisa ƙa'ida ba. Kalmar ji ta ishi Bahaushe wajen sauti da ƙanshi da ciwo da fahimta, Turanci kowanne da kalmarsa. Aro guda ne a Hausa, ko ka ara wa mutum ko ka ara daga gare shi, Turanci ya raba mai bayarwa da mai karɓa. Mafi haɗari duka shi ne amsar tambayar korewa. In aka ce wa Bahaushe, ba ka biya ba? sai ya ce i, yana nufin gaskiya ne bai biya ba. In ya ɗauki wannan i ya sa cikin Turanci, mai sauraro zai fahimci ya biya. A gaban alƙali ko manajan banki, wannan 'yar kalma tana iya juya magana gaba ɗaya.

Hawan gada a aji huɗu

Duk wannan wuyar koyon harshen ce kawai. Akwai wadda ta fi ta, ita ce a mai da harshen da ba a gama koya ba ya zama shi ne mazubin sauran ilimi. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar cikin 1977 ya ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin, daga baya a koma Turanci, bugun 2004 kuma ya ƙayyade cewa daga aji huɗu a ke komawa. Cikin Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida ta firamare da harshen uwa. Cikin Nuwamba 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar janye wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga farko. Haka doka ta yi ta juyawa a Abuja, malamin ƙauye yana tsaye gaban yaransa ba littafi a hannunsu.

Abin da ya kan faru cikin aji sananne ne. Malami ya rubuta jumlar Turanci a allo, ya karanta, yara su amsa gaba ɗaya da ƙarfi, su kwafa cikin littafi. Wanda ya wuce ta bayan taga zai ce karatu ya yi kyau. In aka keɓe yaro guda aka tambaye shi ma'anar abin da ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai. Lissafin da ya iya a kasuwa, wanda ba a cutarsa ko kwabo, in aka juya shi cikin Turanci sai ya gagare shi. An ɗora masa kaya biyu, harshe da ilimi, ya kasa ɗaukar ko ɗaya. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba ɗan boko ba ne, uban kuma ya ga shekaru suna wucewa ba amfani, ya ce gara ya bi ni gona. Makarantun sakandare na kimiyya da Jihar Kano ta kafa cikin 1977, ɗaya a Dawakin Tofa ɗaya a Dawakin Kudu, sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, sun nuna ɗan Kano ba ya kasawa in an ba shi malami da littafi da lokaci. Amma ƙofarsu jarrabawa ce, wanda ya faɗi daga gada tun aji huɗu ba ya isa bakinta.

Darasi daga zaure

Ƙasar Hausa ba yau ta fara koyar da baƙon harshe ba. Ɗaruruwan shekaru ke nan a na koyar da Larabci a zauruka, alhali ba a jin sa a kasuwa, har aka sami malamai masu wallafa da shi cikin fiƙihu da nahawu da waƙa. Yaya aka yi? Ɗalibi ya kan zauna gaban malami da littafinsa, ya karanta gaɓa ɗaya, malam ya ba shi da Hausa, ya sake karanta wata, malam ya fassara. Ba a jin kunyar Hausa, ita ce tsanin. A kan fara da ƙaramin littafi kamar Ahalari da Ishmawi, a hau Iziyya da Risala, kafin a doshi Muhtasar. A nahawu a fara da Ajurumiyya kafin Alfiyya. Ba a ɗaga mutum don shekara ta cika, sai ya fahimci abin da ke gabansa. Kuma kowane ɗalibi yana da lokacin da malam ke sauraronsa shi kaɗai.

Hanyar tana da nata gibi, malamai kuma ba su ɓoye shi ba. Ta kan ba da gwanin karatu wanda bai saba magana da harshen ba. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano cikin 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci cikin 1947, tana cikin waɗanda suka shigo da koyar da Larabci ta hanyar magana da rubuta insha'i. Darasin ke nan ta fuska biyu: fassara tana ba da fahimta, yawan furtawa yana ba da baki, ba kuma wadda ke tsayawa a madadin 'yar'uwarta. Ajin Turanci na ƙauye sau da yawa ya rasa duka biyu, an hana shi fassara don a na ganin aibi ce, ba a kuma sami zarafin magana ba saboda yawa.

Masana na waje ma sun iso kusa da wannan ta tasu hanya. Michael West, wani Bature da ya daɗe yana aikin ilimi a Bengal ta ƙasar Indiya ta lokacin, ya lura yaran da ba sa jin Turanci a gida abin da ya fi saurin amfanarsu shi ne karatu. Ya shirya ƙananan littattafai masu ƙididdigaggun kalmomi, kowace sabuwar kalma a maimaita ta sau da yawa kafin a kawo wata. Cikin 1953 ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda su ne suka fi yawo cikin harshen, cikin 1960 kuma ya wallafa littafi musamman a kan koyar da Turanci cikin mawuyacin hali, watau aji mai cunkoso da zafi da ƙarancin kaya. Cikin dabarunsa akwai yaro ya dubi jumla, ya ɗaga kai, ya faɗa wa na kusa da shi ba tare da duba takarda ba. Almajiri ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A nan gida kuma, Jami'ar Ife ta fara wani gwaji cikin 1970 a ƙarƙashin Farfesa Babatunde Fafunwa. Aka koya wa waɗansu yara dukan darussa da Yarabanci shekara shida, Turanci ya zama darasi mai zaman kansa a hannun malamin da aka horar dominsa. Da aka gwada su da waɗanda aka juya wa harshe a tsakiyar firamare, ba su kasa a Turanci ba, a sauran darussa kuma suka yi gaba. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Yaron da ya iya karatu sosai da harshensa ya riga ya san yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da ma'ana, abin da ya rage masa sabon harshe ne kaɗai.

Abin da ke hannun jama'a

Dokar harshe tana hannun hukuma, amma akwai abin da bai jira doka ba. Masu kula da makarantu suna iya sa malamin da ya fi iya Turanci a ƙananan azuzuwa, maimakon a ajiye shi a aji shida a bar tushe ga wanda ya fi rauni. Suna iya sakar wa malami mara ya yi bayani da Hausa a fili, bisa tsari, ya koma Turanci, ya raba yara biyu biyu su yi ta faɗa wa juna. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Attajirai sun saba gina masallaci da haƙa rijiya, Allah ya saka. Akwatin ƙananan littattafan labaru, na Hausa da na Turanci mai sauƙi, kuɗinsa bai kai na buhunan riɗi kaɗan ba, zai kuwa yi shekaru yana yawo hannun yara. Haka ɗaukar nauyin malami guda mai koyarwa da yamma cikin rani, lokacin da gona ta saki yara. Falken da ya yi haka yana shirya wa kansa magatakarda amintacce daga cikin 'ya'yan garinsu, wanda zai karanta masa yarjejeniya kafin ya dangwala hannu.

Malamai kuwa maganarsu ce iyaye ke ji. Tsoron da magabata suka yi wa boko yana da dalilinsa a zamaninsa, amma harshe kayan aiki ne, hukuncinsa yana bin abin da aka yi da shi. Ya zo cikin littattafan hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. In malamin allo da malamin boko na ƙauye ɗaya suka zauna suka daidaita lokutansu, suka gane yaro ɗaya su ke reno, to rabin nauyin ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron Minjibir da na Bichi ba su gaza na ko'ina ba. Harshe ne aka kawo musu daga nesa, aka ba su shi awa kaɗan, ta bakin wanda shi ma bai ƙoshi ba, sa'an nan aka auna dukan iliminsu da shi. In aka karɓi Turanci a matsayinsa na baƙo, aka yi masa masauki a kan tushen Hausa, aka bi shi daki daki kamar yadda a ke bin littafi a zaure, zai zauna. Gonar gado ba za ta ƙara faɗi ba, amma ɗan manomi zai sami wata gonar da rabo ba ya rage ta. Allah ya sa a dace, amin.